Ɗan Tsiron Kariya a Kasko

A can wani zamani mai nisa, a wani gari da yashi ke zuwa har bakin ƙofa, an yi wani saurayi mai yawan yawo. Da ya dawo gida bayan shekaru, ya tarar itacen kariyar da marigayiya mahaifiyarsa ta dasa, mai ƙaton gindi da jan fure, ya bushe. Saura ɗan tsiro guda a kasko.

Kakarsa ta ce, "Maigidana, ga abin da ya rage na hannun uwarka. In ya mutu, shi ke nan."

Saurayi ya kasa zama. Da safe ya ba shi ruwa, da yamma ya ba shi ruwa. Ya kai shi inuwa, ya dawo da shi rana, ya tona ya leƙa saiwa. Ganye ya yi rawaya, gindi ya yi laushi.

"Kaka, me zan ƙara masa?"

Ta yi dariya. "Kai dai ba ka iya zama ba! Shi a cikinsa yake ɓoye ruwansa. Ajiye shi a rana, ka ajiye kanka."

Ya zauna. Hannunsa ya kai ga buta, ya janye. Gajimare ya wuce kamar ayarin raƙuma yana kiransa, ya zauna. Ƙasar kasko ta bushe, ya zauna.

Ran nan ya taɓa gindin da yatsa, ya ji ya yi tauri. A samansa ga ɗan kore kamar kunnen ɓera.

Ya ce a hankali, "Kaka, yanzu fa?"

Ta ce, "Yanzu ba shi, kaɗan."