Gefen Zanen Inna-Ƙarfe

Da hantsi, Inna-Ƙarfe mai lamba tara ta sunkuya ta ɗauki wani yaro mai kuka. Ta jijjiga shi, ta kamo gefen zanen da ke ɗaure a ƙugunta ta share masa yawu. Ta ajiye shi, ta gangara a kan tayoyinta wurin na gaba, shi ma ta share masa.

A shekarar 2094 babu gidan renon yara a birnin Tudun Haske da ba irin waɗannan na'urori ke riƙe da shi ba. Injiniyoyi sun shekara goma suna nuna musu bidiyon iyaye mata, har suka koyi goyo da rarrashi da share baki da gefen zane. Da yamma na'urorin su shiga wani ɗaki, fitila shuɗiya ta haska su, a ce ƙwayoyin cuta sun mutu. Manyan birni sai hura hanci suke yi, wai sun ƙera uwar da ba ta gajiya.

Kubura shara take yi a gidan renon hawa na sittin, kuma a nan take ajiye 'yarta Uwani mai shekara biyu. Ranar Asabar zazzaɓi ya rufe yarinyar, ƙuraje suka feso mata a tafin hannu da tafin ƙafa da cikin baki. Kafin Litinin yara talatin sun kamu. Hukumar birni ba ta wahalar da kanta da bincike ba, ta ce ƙazantar Unguwar Gindi ce, inda leburori irin su Kubura ke zaune. Ranar Alhamis za a kwashe duk yaran unguwar zuwa sansanin killacewa na bayan gari, wata uku, ba tare da iyayensu ba.

Ran Kubura ya ɓaci matuƙa. Ta san ciwon nan, don marigayiya mahaifiyarta ma'aikaciyar asibiti ce. Ta yawu da majina da ruwan ƙurajen da kashin yaro yake yaɗuwa. Abin yi shi ne wanke hannu da ruwa da sabulu, a ware wa mara lafiya kofinsa, a wanke kayan wasansa, a bar shi gida kwana goma ana ba shi ruwa mai sanyi da cokali. Yarinyar da ko a hannun uwarta da ƙyar take haɗiyar ruwa, wa zai lallaɓa ta a sansani?

Ranar Laraba ta jingine tsintsiyarta ta zuba wa lamba tara ido. Baki ashirin da uku ta ƙirga, zane ɗaya. Ta ɗauko almakashi ta yanke gefen zanen. Jiniya ta ɗauki kuka, Kubura ko waiwaye ba ta yi ba, ta wuce ofishin Injiniya Labaran, shugaban gidan, ta dangwarar masa da ƙyallen a kan tebur.

"Baiwar Allah, kin san abin da kika lalata kuwa?" in ji shi.

"Ranka ya daɗe, na sani sarai. Uwa ɗanta kaɗai take share wa baki. Taku ta share wa ashirin da uku tun safe."

"Fitila tana tsarkake shi kullum. Lissafinmu ba ya kuskure."

"Fitila tana shiga lungun zane? To ga ɗanka can yana wasa. Kira shi ka share masa baki da wannan, ni kuma gobe in kai Uwani sansani da ƙafata."

Injiniya ya miƙa hannu, sai hannun ya tsaya. Da bakin alƙalami ya tura ƙyallen cikin na'urar awo. Cikin minti biyar allon ya yi ja, alamar akwai ƙwayar cutar. Ya sa aka gogo tafin hannun lamba tara aka auna, nan ma ja.

"Za a kore ki fa, saboda almakashin nan," ya faɗa a sanyaye.

"A kore ni. Amma ka kira hukuma a gabana ka faɗa musu daga inda ciwon yake bi."

Ya kira su, aka soke kwashe yaran. Kubura ba ta yi godiya ba. Ta ce a ba ta bokiti da sabulu, ta wanke hannuwan na'urorin kafin ta tafi wurin 'yarta.

Injiniya Labaran ya sunkuyar da kai.

"Ba zai yiwu ba. Akwai dubban wayoyin ji a tafinsu, ruwa yana taɓa su za su ƙone."

Kubura ta daɗe tana kallonsa, har haushinta ya koma tausayi.

"Shekara goma kuna koya mata zama uwa," ta ce, "babu wanda ya tuna uwa tana wanke hannu?"