Bari In Sake Dubawa

A wani gari, can da daɗewa, wani mai nazarin taurari ya hango ƙaton dutse a sama da madubinsa na hangen nesa.

Mai shela ya ce, "Malam, kanmu zai faɗo?"

Malam ya ce, "Daga gani ɗaya ina zan san inda ya nufa? Bari in sake dubawa."

Mai shela bai jira ba, ya buga ganga. Gari ya watse, aka bar gero nunanne a gona.

Malam ya duba, ya sake dubawa. Dutse ya wuce abinsa can nesa.

Da aka dawo, tsuntsaye sun cinye gero ƙaf. Mutane suka yo kan Malam: "Kai ka ja mana!"

Ransa ya ɓaci. "Ni? Cewa na yi bari in sake dubawa! Wa ya tsaya ya ji?"