Kwano Arba'in da Biyu

"Ko ki biya ni kafin Juma'a, ko in kwashe kwanona!"

Haka Alhaji Lado ɗan kwangila ya faɗa mini a tsakar gidana, a gaban autata Zinariya. Ni Yelwa, da furfurata!

Na ce, "Nawa ka ce, Alhaji?"

"Dubu ɗari bakwai da hamsin. Kin ba da dubu ɗari uku. Ga shi nan a rubuce."

Ya miƙo mini takarda, alhali duk Gagarawa an san ban yi boko ba. Na juya ta sama, na juya ta ƙasa.

"Ɗaki biyu fa ka rufa mini, ba masallacin Juma'a ba!"

"Kaya sun yi tsada. Bandir huɗu na kwano ya shiga rufin nan, ban da katako da ƙusa da kuɗin kafinta."

Ya kaɗa babbar riga ya fita.

Laifina ɗaya ne, kuma na san shi. Lado baffan Usaini ne, shi ya riƙe shi tun da uban yaron ya rasu, Usaini kuwa shi zai auri Zinariya, har an sa rana. Da rufin ɗakunana ya tsage, Lado ya zo da kansa ya ce, "Ai gida ne, Inna. Ki bar mini aikin."

Ni da nake yin rabin wuni a kasuwar Maigatari ina ciniki a kan tunkiya ɗaya, na kasa buɗe baki in ce nawa. Wa yake ciniki da suruki? Na ja mayafi na rufe fuska, na ce Allah ya saka da alheri. Riɗin da na noma kaf na sayar, na ƙulle kuɗin a leda na aika masa.

Yana fita Zinariya ta riƙe mini ƙafa.

"Inna, don Allah kar ki ɗaga maganar nan..."

"In yi shiru ya tsiraita mu, ga damina a bakin ƙofa?"

"A sayar da kayan ɗakina. Gadon da katifar, duka."

"Ki kwanta a ƙasa a gidan miji, dangin miji su yi ta dariyarki?"

"Ni dai kar a fasa, Inna. In Baffa ya yi fushi, shi ke nan!"

Na yi mata tsawa. Na san bakina. Sau nawa ya ɓata ni da mutane? In na yi magana, auren yarinyar nan ya mutu a hannuna. In na yi shiru, ba ni da ko rabin kuɗin.

Da la'asar Usaini ya zo. Ina bayan zaure ina tsince wake, ban yi niyyar ji ba, amma na ji.

"Zinariyata, ɗago ki dube ni mana."

"Yaya Usaini, kai ka ɗauko kwanon nan daga Gumel. Bandir nawa ne?"

Ta ƙara matsa masa.

"Na ce bandir nawa ne?"

"Masoyiya, shi ya ciyar da ni, shi ya koya mini sana'a. Ko ɗakin da zan saka ki nasa ne..."

"Ni ma Inna ce ta yi mini komai. Ka san da me ta raine ni? Da surfe!"

Sai kuka. Nata na sani, nasa ne ban taɓa ji ba. Na tashi na bar waken.

Ranar Alhamis na je wurin mai unguwa, Malam Ubale. Ban yi wata doguwar gaisuwa ba, na ce, "An cuce ni, ina son hakkina." Ya tambaye ni ko an yanke farashi a gaban shaidu. Na ce a'a. Ya girgiza kai kawai. Wannan girgiza kan ta fi zagi ciwo.

Juma'a da hantsi hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Sai ga Lado da tsani a bayan mota, Usaini na biye da shi riƙe da guduma, idonsa jajur. Malam Ubale ya iso yana haki, maƙwabta suka cika ƙofa.

Lado ya ce, "Kuɗina?"

"Ba ni da kuɗin zalunci!"

"To. Usaini, hau ka ɓalle mini su."

Da gangan ya zaɓe shi, wallahi da gangan.

Zinariya ta ce, "Yaya Usaini..." Muryarta ko fita ba ta yi sosai ba.

Bai dube ta ba. Ya kafa tsani ya hau. Kowane taki ɗaya ji nake kamar a ƙirjina yake takawa. Iska ta taso, kwanon ya fara ƙara. Na tuna buhunan geron da ke cikin ɗaki, na tuna akwatunan yarinyar nan. Na zauna a kan turmi.

Ya tsaya a saman rufin, ya ɗaga gudumar. Na runtse ido.

Ƙwas! A hankali ya buga.

"Ɗaya!"

Ƙwas!

"Biyu!"

Na buɗe ido. Tafiya yake a kan layin ƙusa, yana taɓa kowane kwano da guduma, yana ƙirgawa da ƙarfi yadda har na bakin titi zai ji.

Lado ya ce, "Kai! Me kake yi? Sauko!"

"Goma sha bakwai... goma sha takwas..."

"Usaini, ni kake tona wa asiri?"

Usaini bai tsaya ba. An fara yayyafi, kwano ya yi santsi. Zinariya ta ɗora hannu a ka tana cewa ya sauko kar ya faɗo. Ni kuwa salati kawai nake.

"Arba'in da biyu!" Ya share fuska da hannun riga. "Malam, ashirin ne a bandir. Bandir biyu na ɗauko daga Gumel, da ƙarin guda biyu. Baffa, ka yafe mini. Ba zan iya ba."

Malam Ubale ya karɓi takardar, ya zauna a zaure da kafintoci biyu, suka bi katako da ƙusa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage a kaina dubu sittin ne. Na ce a kama akuyata ja a kai kasuwa.

Lado bai dube ni ba. Yaron ya duba.

"Ka nemi wani uban. Ɗakina kuma na fasa."

Aka tsuge da ruwa. Usaini yana tsaye a tsakar gida yana jiƙewa, ba shi da inda zai nufa. Na ce, "Zinariya, ba shi tabarma a zaure, ki zuba masa abinci. Ke kuma ki daina yi mini kuka a ka!"

An ɗaura auren a ranar da aka sa. Malam Ubale ne ya karɓa masa. Ɗakin haya ɗaya suka kama a Maigatari, can yake bin kafintoci yanzu. Ranar ɗaurin auren na leƙa ta katanga, na gan shi cikin farar shadda, mutane na ba shi hannu, shi kuwa idonsa na kan hanya. Har aka shafa fatiha motar baffansa ba ta zo ba.

Saboda yaron nan na danne zuciyata, na zaɓi goro manya na aika wa Lado, na ce a gaya masa ɗansa ya yi aure.

Ya dawo mini da shi, ko ledar bai kwance ba.

Ban faɗa wa yaran ba. Na zauna a ɗakina na cinye abina, kwana tara ina ci.