Ranar da Ya Kulle Mini Ɗakin Fenti

"Ba ni makullin."

"Ba zan bayar ba."

Shekara huɗu da aurenmu, mijina bai taɓa yi mini magana kai tsaye haka ba. Yana tsaye a ƙofar ɗakin da nake zane, jaka a kafaɗa, ya kusa makara zuwa makarantar da yake koyarwa. Ni kuwa na dafa bango, cikina wata bakwai ya yi mini nauyi.

"Saura zane ɗaya fa, masoyi. Sati biyar ya rage a buɗe baje kolin."

"Mama ta ce..."

"Na ji Mama ta ce. Kai me ka ce?"

Ya sunkuyar da kai. "Abin da likita ta faɗa. Warin tinar da kike wanke burushi da ita ba ya yi wa mai ciki kyau. Sau biyu muna dawowa daga asibiti hannu rabbana, 'yar fenti. Ba zan iya na uku ba."

Ya jefa makullin a aljihu ya fita, bai waiwayo ba.

Shekara goma ina zane da fentin mai, dangi suna kiransa wasan yara, sai bara wata mai gidan baje koli ta ga aikina ta nemi guda goma sha biyu. Hannaye kawai nake zanawa: na mai gyaran takalmi, na ungozoma, na direba a kan sitiyari. Nakan fara da fenti ruwan ƙasa tsinkakke, in jira kwanaki ya bushe, in ɗora wani launi, in sake jira, har jijiyoyin hannun su fito. Na ƙarshen hannun mahaifiyata ne, Allah ya ji ƙanta, riƙe da allura. Yatsu biyu suka rage.

Na san akwai wani makulli a durowar kicin. Na daɗe ina kallonsa kafin in ɗauka.

Da na shiga sai na rufe tagogin duka. Mama, surukata, tana gidan da ke jikin namu, hancinta kuma ba ya kuskure. Na ce minti talatin kawai zan yi.

Ban san awa uku ta wuce ba sai da burushin ya suɓuce daga hannuna. Kaina ya sara, ɗakin ya juya. Na zauna a ƙasa, na dafa cikina don in ce wa yaron ya yi haƙuri, a nan na tuna. Tun safe ban ji motsinsa ba.

Yaron da ko shayi na kurɓa sai ya harbe ni.

Na rarrafa na fita. Na sha ruwan sanyi, na kwanta a gefen hagu kamar yadda aka koya mana a wurin awo. Na taɓa nan, na danna can. "Motsa mana, ɗan albarka... ko sau ɗaya." Shiru. Irin wannan shirun na sani, na taɓa jinsa sau biyu.

Na buga bangon da ke tsakaninmu da Mama da duk ƙarfina.

Ta shigo da gyale a hannu. Ta dubi ƙofar ɗakin a buɗe, ta dubi fentin da ke yatsuna. Na jira faɗa.

"Tun yaushe?" kawai ta ce.

"Tun safe, Mama. Ni ce na..."

"Tashi. Sa takalmi."

A cikin tasi ta riƙe hannuna gam, fentin yana ɓata mata riga, leɓenta yana motsi da addu'a. Duk danjar da ta tsayar da mu sai in ji kamar in fita in ruga.

An kwantar da ni ke nan mijina ya faɗo ɗakin yana haki, alli a hannun rigarsa. Na kau da kai. Nas ta shafa mini wani abu mai sanyi a ciki, ta ɗora na'urar. Ta kai dama, ba a ji komai ba sai shuuu. Ta kai hagu. Ta ɗaure fuska, ta ƙara dannawa.

"Sista?" in ji mijina.

"Ku yi shiru tukuna."

Na rufe ido. Na ce ya Allah, ka ɗauke mini hannun nan gaba ɗaya, ka bar mini shi.

Can ƙasa, kusa da ƙugu, sai ga shi. Ƙaramin bugu mai sauri, dif-dif-dif.

"Ga mutumin naku," in ji nas. "Ya juya baya ne, mai ƙiwuya."

Mama ta zame ta zauna a kujera, ta rufe fuska da gyale. Likita ta zo ta duba, ta ce za su riƙe ni zuwa gobe, kuma kada in sake zama a rufaffen ɗaki da tina.

Da suka fita, mijina ya bi likita waje, ya dawo ya durƙusa a gefen gadon.

"Ka yafe mini," na ce. "Ba baje kolin ba ne kawai. In na ajiye burushi, ba abin da nake yi sai ƙirga motsinsa. Tsoro zai kashe ni."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Ka riga ka kulle."

Ya kifa goshinsa a tafin hannuna, na ji ɗumin hawayensa. "Ina cikin aji Mama ta kira. Duk hanya ba shi nake tunani ba, Allah ya yafe mini. Ke nake tunani."

Na shafa kansa da ɗaya hannun.

"Na tambayi likita a waje," ya ce. "In a baranda ne, iska tana kaɗawa, awa ɗaya a rana, ba tina kusa da ke, ta yarda. Wankin burushi kuma ni zan riƙa yi a bayan gida."

"Kai? Da ko kofi ba ka iya wankewa?"

Daga bakin ƙofa Mama ta ce, "Ni zan wanke. Wannan zai lalata miki su."

Na dube ta, idonta ya yi ja.

"Na leƙa ɗakin kafin mu fito," ta ce. "Hannun babarki ne, ko? Na gane shi. Ki ƙarasa mata yatsunta, 'yata."

Sai a lokacin kukan ya zo mini, na yi shi har na gode Allah, suna riƙe da ni su biyu.