Kafin a Koma Makaranta

Hoton fasfo ne ya kai shi shagon, ba wani abu ba. Daga makaranta yake, hannun rigarsa duk garin alli, ya tura ƙofar gilashin ya yi sallama ƙasa-ƙasa yana waiwaye.

"Zauna a kan kujerar can, Malam. Ɗaga haɓarka kaɗan."

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ta. Doguwa ce, ta yafa mayafi ruwan toka, kyamara rataye a wuyanta, idanunta kamar na mai ɓoye dariya. Gabansa ya faɗi, ya rasa dalili.

Ta leƙa kyamarar ta sauke. "Malam, wannan hoton na neman aiki ne ko na cigiyar ɓarawo?"

"Ya aka yi kika san aiki nake nema?"

"Ka rungume takardu kamar za a ƙwace maka, kana ta leƙen ƙofa. Saki fuskarka mana. Wa zai ɗauki mai fushi aiki?"

Dariya ta suɓuce masa, ita kuwa ta danna.

Ya miƙa mata CV ɗinsa ta buga masa. Tana bugawa tana karantawa, shi kuma bakinsa ya ƙi rufuwa. Ya gaya mata abin da ko abokan aikinsa ba su sani ba. Kimiyya yake koyarwa a wata sakandare mai zaman kanta, amma abin da ya karanta shi ne gwajin ingancin ruwa da abin sha. Koyarwa ya shiga na wucin gadi, wucin gadin ya zama shekara da shekaru. Yanzu yana so ya koma ɗakin gwaje-gwaje na kamfani tun ƙwaƙwalwarsa ba ta yi tsatsa ba.

"To ka ajiye koyarwar?"

"Ina! Ina da uwa da ƙanne. Sai na samu wani a hannu tukuna. Kuma kada shugaban makaranta ya ji."

"Bakina ƙanin ƙafata," ta ce, tana tura masa takardun. "Amma wannan CV ɗin naka ba ya magana. Duk koyarwa ka cika shi da ita, gwajin da kake so yana can ƙasa kamar kana jin kunyarsa. Ka dawo gobe mu juya shi."

Ya dawo gobe. Ya dawo jibi ma, duk da CV ya riga ya gyaru.

A gidansu Auta ake ce mata, shagon kuwa na yayanta ne. A nan, tsakanin injin buga takardu da farin labulen hoto, suka tsara tafiyar. Zai shiga kwas na ƙarshen mako ya koyi sababbin na'urori. Zai nemo tsofaffin abokan karatunsa da ke aiki a kamfanoni. Ba zai watsa takardu ko'ina ba, sai wuraren da ya dace da su. In ciniki ya lafa bayan la'asar, sai ta ɗora tabarau ɗin yayanta a kan hanci, ta haɗe rai, ta zama manaja.

"Me ya sa za mu ɗauke ka, mu bar yara sababbin jini?"

"To… gaskiya ni… wato…"

"An gode, Malam Wato. Sai ka ji daga gare mu."

Tun yana jin haushi har ya fara amsawa kai tsaye. Wata rana ta tambaye shi inda yake ganin kansa nan gaba. Ya dube ta ido cikin ido.

"A gida ɗaya da manajan nan, in za ta yarda."

Ta cire tabarau ɗin a hankali, ta sunkuyar da kai. Sai da ya hau mota zai koma gida wayarsa ta yi ƙara.

"Malam Wato, manaja ta duba takardunka. An ɗauke ka. Babu hutu, babu ritaya, babu ajiye aiki. Ka yarda?"

Ya amsa nan take: "Na yarda, Autata. Tunda nake ban taɓa samun aikin da ya kai wannan ba. Allah Ya bar mu tare."

Mahaifinta tsohon ma'aikacin gidan waya ne. A ofis ɗaya ya shiga da ƙuruciyarsa, a nan ya yi furfura har ya yi ritaya, kuma yana alfahari da hakan. Ya karɓi malamin a falonsa da fara'a, ya tambayi iyayensa da aikinsa. Komai na tafiya daidai, sai malamin ya ga bai kamata ya ɓoye ba, ya faɗi shirinsa.

Fara'ar tsohon ta ɗauke.

"Wato kana da aiki, kana neman barinsa."

"Ba zan bari ba sai na samu wani, Baba."

"Haka kowa yake cewa. Yaro, ni 'yata ba ta saba da yau akwai gobe babu ba. Ka je ka zauna da kanka. In ka natsu wuri ɗaya, ka dawo mu yi magana."

Ya yi sallama ya fito. A ƙofar gida ya tarar da wata farar mota, mai ita yana jingine yana danna waya. Ya gane shi. Ɗan mai makarantarsu ne, wanda ke zuwa ƙarshen wata ya zaga azuzuwa hannu a aljihu. Daga baya Auta ta gaya masa cewa mahaifin saurayin abokin Baba ne, kuma saurayin ya daɗe yana nacin neman aurenta.

"Ni ban taɓa ba shi fuska ba," ta ce. "Kada ka sa wannan a ranka, masoyi."

Amma ya shiga ransa. Ya fara rama. Duk ƙarar waya sai gabansa ya faɗi, ya ɗauka kamfani ne, ya duba ya ga ƙanwarsa ce ke tambayar ko ya sayo wa Mama magani. Wurare biyu suka amsa da ban haƙuri, sauran ko uffan.

Ana cikin haka, gab da hutun ƙarshen shekara, shugaban makaranta ya aika a kira shi.

"Rufe ƙofar," ya ce. "Wani kamfanin ruwan kwalba ya bugo yana tambayar halinka."

Ya ɗago da sauri.

"Na faɗa musu alheri, kada ka damu. Na kuma san ba za ka tsufa a nan ba. Ga abin da nake gani. Ni zan yi shiru, ka ci gaba da aikinka, ranar da suka kira ka sai ka tafi. Ko kuma ka ajiye yanzu, in nemo wani malami cikin hutu. Na farkon ya fi maka sauƙi."

Ya fi sauƙi kam. Amma da ya fito sai ya bi ta gaban ajin 'yan shekarar ƙarshe, ya ga sun duƙufa a kan darasin da ya ba su. In ya tafi a tsakiyar zango, sai a yi watanni ba a samu malamin kimiyya ba, ga jarrabawar fita a gabansu. Shi kansa haka aka yi musu a sakandare, kuma bai manta yadda rabin ajinsu suka faɗi ba.

Ya kwana biyu abinci ba ya shiga. Ranar da aka yi hutu ya miƙa takardar ajiye aiki.

Bai gaya wa Auta ba. Kullum sai ya ce gobe, in kamfanin ruwa sun kira sai ya haɗa mata labari biyu, mai ɗaci da mai daɗi. Kamfanin bai kira ba, ɗan mai makaranta kuwa ya riga shi.

Da yamma ya nufi shagon, ya hango farar motar a gaba. Ya tsaya a tsallaken titi. Ta cikin gilashi ya ga saurayin yana magana yana ɗaga hannu, ita kuma ta yi tagumi tana saurare. Ya juya ya koma gida. Kafin ya isa saƙonta ya shigo.

"Ashe ka ajiye aiki, sai a bakin wani zan ji. Ya faɗa min, ya kuma je ya faɗa wa Baba. Na tsaya gaban Baba na rantse ba za ka yi haka ba. Ka sa na zama maƙaryaciya a gidanmu. Kada ka kira ni."

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya rubuta ya goge, ya rubuta ya goge. A ƙarshe ya tura: "Na yi kuskure da na ɓoye miki, tsoro ne ya hana ni. Ina da dalili, amma dalilin bai wanke ni ba. Ki yafe min, hasken idona." Shiru.

Mama ce ta lura ya daina fita da safe. Da ya zayyana mata komai, ta girgiza kai.

"Aikin ban ce ka yi laifi ba. Amma yarinyar nan ka zalunce ta. Tashi ka sa riga ka je wurin mahaifinta da ƙafarka, kada ka jira a kira ka."

Ya je. Tsohon na zaune a falo yana sauraren rediyo, bai ko rage sautin ba da ya amsa sallama. Malamin ya durƙusa ya faɗi yadda aka yi, tun daga kiran kamfani har zaɓin da aka ba shi. Bai ƙara gishiri ba.

Tsohon ya kashe rediyon.

"Ka ce shugabanku ya ba ka dama ka zauna kana cin albashi har ka samu wani?"

"Haka ne, Baba."

"Ka ƙi saboda yaran mutane."

"Jarrabawa ce a gabansu."

Tsohon ya gyara zama. Can ya ce, "Wancan da ya kawo min labarinka bai faɗi wannan ba. Ka yi wauta, yaro, amma irin wautar da nake so a surukina ce. Sai dai maganata tana nan. Ba na ba marar aiki 'ya. Ka je ka nemo, ni kuma na yi maka alkawari ba zan saurari kowa ba kafin nan."

Yana fitowa ya ji motsi a bayan labulen tsakar gida. Bai kai bakin titi ba saƙo ya shigo.

"Na ji komai. Har yanzu ina fushi, ka sani. Amma gobe ka zo shago, amsarka a kan dalilin barin koyarwa tana buƙatar gyara. Ka zo da murmushi ko kada ka zo."

Kamfanin ruwan ya kira shi intabiyu, ya yi iya ƙoƙarinsa, suka ɗauki wani mai gogewa. Ranar a shagon ya zauna ya dafe kai.

"Auta, ko dai na yi ganganci ne? An kusa komawa makaranta, gurbina an ba wani. In ban samu ba fa?"

"In ba ka samu wannan watan ba, ka samu wani watan. Ni ina nan." Muryarta ta ɗan karye. "Ka ɗauka ni ba na tsoro? Kullum sai na yi kuka a kan sallaya. Amma ba zan yi a gabanka ba, sai mu zama biyu. Wannan abokin karatun naka na kamfanin lemo, ka sake kiransa."

"Na kira shi, kunya nake ji in sake."

"Kunyar ce za ta aura maka ni? Ɗauko wayar."

Ya kira a gabanta. Abokin ya ce ai kuwa wata ma'aikaciyarsu za ta bi mijinta wani gari, a turo takardu yanzu-yanzu. Auta ce ta tura da hannunta.

Ranar intabiyu, mutum uku ne a bayan tebur. Wata mata mai tabarau ta tambaye shi me ya sa ya bar koyarwa ba tare da wani aiki a hannu ba. Ya faɗa musu gaskiya tiryan-tiryan. Suka kai shi ɗakin gwaje-gwaje, suka ajiye masa kwalba suka ce ya gwada. Da yatsunsa suka taɓa na'urar, aikin ya dawo masa kamar jiya ya bar shi.

Ranar da aka koma makaranta, yana tsaye a taga yana kallon yara na wucewa da jakunkuna, idanunsa sun ciko, sai waya ta yi ƙara. Sun ɗauke shi. Za a fara da watannin gwaji, albashin bai fi na da ba sosai, amma farar riga da ɗakin gwaje-gwaje nasa ne.

Bai iya rubuta dogon saƙo ba. "Autata, an dace. Ki faɗa wa Baba ina tafe."

"Alhamdulillah! Baba ya ji ihuna tun kafin in faɗa. Ya ce ka taho da manyanka, kai kaɗai ba ka isa ba."

Bayan ya kammala watannin gwaji aka ɗaura aure. Abokan sabon aiki sun zo, shugaban makaranta ya zo, har da wasu daga cikin ɗalibansa, sun sha wanka sai tsokanarsa suke yi. Da jama'a suka ragu, Baba ya sa aka kira masa ango da amarya falo. Suka durƙusa a gabansa. Tsohon ya muskuta zai yi nasiha. Ya cire hula ya mayar, ya yi gyaran murya.

"Ga ta nan. Ita ce ƙarama a gidan nan, amma ta fi kowa baki, sai ka yi haƙuri."

"Baba!" in ji Auta, tana dariya cikin hawaye.

"Ke kuma ki riƙe shi da kyau, irinsa ba su da yawa. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, Ya sa albarka a abin da za ku ci."

Mama, mahaifiyar ango, da ke bakin ƙofa ta amsa da amin mai ƙarfi, duk gidan ya ɗauka.