Fulogin Motar Boaz

Yayanmu Boaz ba ya nan. A daminar bara motarsa ta mutu a tsakiyar kwana, kan hanyar Manchok, tirela ta zo ta same shi a ciki. Ya bar matarsa Selina da 'ya'ya biyu.

Jar mota ce ta tsere, mai ƙofa biyu. Injinta ba shi da fistin, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyawa a ciki. Fulogi huɗu take sha, biyu na sama, biyu na ƙasa, kowanne da irinsa, kuma babu su a kasuwar Kafanchan, sai an aika Legas. Ƙaninmu Kambai, bakanike, shi kaɗai Boaz ke bari ya taɓa ta.

Bayan biso aka jawo motar bayan gida, ƙarƙashin ɗorawa. Dattawa suka ce kada a taɓa kayan mamaci sai dangi sun taru an yi addu'a. Ana gobe taron, Kambai ya ji cewa wani bakanike zai zo daga Kaduna ya duba injin.

Da magariba ya ɗauki sifana ya zagaya baya. Shi kaɗai ya san abin da ke cikin injin nan. Kafin hatsarin, fulogin Legas sun yi jinkiri, Boaz kuma yana ta damunsa, sai ya ɗaura masa na motar haya, ya ce ai su ne. Yanzu so yake ya cire su.

An yi yayyafi, kwaɗi suna kuka. Abin buɗe bonet yana ciki, ƙarƙashin sitiyari. Kambai ya zauna a kujerar direba, ya sunkuya.

Ƙofa ta rufe. A hankali, kamar da hannu.

Ya ja hannun ƙofar. Ba ta buɗe ba. Ya sa kafaɗa. Ko motsi. Ɗaya ƙofar kuwa tirela ta riga ta matse ta.

Kwaɗi suka yi shiru.

Sai warin fetur. Tankin nan shi da kansa ya tsiyaye shi. Bayan fetur, ƙanshin man da Boaz ke shafawa a gemu.

"Selina!" ya yi ihu. Yana hango ta ta gilashi, taku ashirin, tana kwashe shanya. Ba ta waiwayo ba.

Injin ya yi tari.

Babu batir a motar.

Injin ya sake tari, yana so ya tashi yana kasawa. Hayaƙi ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙafafun Kambai. Kujerar ta matso gaba kaɗan kaɗan, har sitiyari ya danne masa ƙirji.

Kusa da kunnensa, murya ƙasa-ƙasa:

"Ƙanina. Ta ƙi tashi."

"Jinin Yesu," in ji Kambai. Muryarsa ba ta fita ba.

"Ga tirela can. Wane fulogi ka sa mini?"

A madubi, fitilu biyu. Bayan motar kuwa gonar masara ce.

Fitilun suna girma.

"Yaya, na Legas ne..."

Sitiyari ya ƙara shiga. Wani ƙashi ya ce ƙas.

Ƙarar hon ɗin tirela ta cika duniya.

"Na motar haya ne!" Kambai ya fashe da kuka. "Ƙarya na yi maka, Yaya! Ni ne!"

Fitilun suka mutu. Ƙofa ta buɗe da kanta, ya zubo cikin taɓo. Da ya ɗaga kai, Selina na tsaye a kansa, zanin yara a hannunta. Duk ihun da ya yi ba ta ji ba. Wannan maganar kaɗai ta ji.

Haƙarƙarinsa biyu sun karye. Washegari, a gaban dangi da fasto, ya maimaita abin da ya faɗa. Wasu sun ce Boaz ne. Fasto ya ce matattu ba sa dawowa. Wani tsoho ya ce aljanin ɗorawar ne ya ari muryarsa. Ni dai ban sani ba.

Fulogin Legas sun iso bayan kwana uku. Suna nan cikin kwalinsu. Kambai ya koma gyaran babur, ba ya shiga mota sai gilashi na ƙasa. Selina takan amsa gaisuwarsa, amma har yau ba ta kalli fuskarsa ba.

Ku taya mu roƙo. Allah ya ba Boaz hutu, ya raya 'ya'yansa, ya sassauta zuciyar Selina a kan Kambai. Ku ce amin.