Kuɓewar Iya Tani

A garin Yako akwai wata yarinya 'yar aji biyar, mai son a ce ta iya. Kuma gaskiya ta iya abubuwa da yawa. Jin shawara ne kawai yake yi mata wuya.

Kakarta, Iya Tani, ba ta da abincin da ya wuce tuwon masara da miyar kuɓewa. Kowace shekara ita take shuka abarta a bayan ɗaki, ta shanya, ta ajiye don rani. Bana kuwa ciwon gwiwa ya hana ta. Har marka ta wuce ba a shuka komai a wurin ba.

"Iya, ki bar mini," in ji yarinyar. "Kuɓewar da za ki sha da rani, daga hannuna za ta fito."

Iya ta yi dariya. "Ke da ko tsintsiya ba ki iya riƙewa ba?"

"Za ki gani!"

Babanta ya kawo mata iri mai saurin yi. Ya ce, "Damina ta kusa tafiya. In wannan ya lalace, babu lokacin sake shuka wani."

Yarinya ta ɗauki fartanya ta yi kunyoyi masu kyau. Amma da ta zo shuka, sai zumuɗi ya ɗebe ta. Maimakon ƙwaya biyu ko uku, sai ta riƙa cika kowane rami da iri. A ganinta, yawan iri shi ne yawan kuɓewa.

Aka yi ruwa, shuka ta fito cunkus, koriya shar. Zo ka ga murna! Duk wanda ya shigo gidan sai ta ja shi bayan ɗaki. Har mai tallar nono ba ta tsira ba.

Baba ya zo ya duba. Ya ce, "Madalla. Saura ki rage su. Ki bar guda biyu a kowane rami, ki cire sauran."

Ta zaro ido. "Baba, in cire? Ni na shuka su fa, duk sun fito. Sai kuma in kashe su?"

"Sun yi yawa, 'yata."

"Don Allah a bar mini su."

Baba bai yi faɗa ba. Ya ce, "To, lambunki ne." Ya tafi gonarsa.

Kwanaki suka wuce. Kuɓewar maƙwabta ta yi kauri, har ta fara fure. Ta yarinyar kuwa sai tsawo kawai, siririya kamar tsinke. Ganyen ya koma rawaya. Wasu suka kwanta a kan wasu. Ga shi hadari ya fara wuya, sai ya haɗu ya watse.

Wata safiya Iya Tani ta dogara sandarta ta zo. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Ƙawata, bana da me zan ci tuwo ke nan?"

Da wasa ta faɗa, amma maganar ta soki yarinyar. Ta ruga wurin babanta tana hawaye.

"Baba, na ɓata kuɓewar Iya."

Baba ya zaunar da ita. Ya ce, "In aka zuba wa yara goma tuwo a ƙaramin kwano, wa zai ƙoshi?"

Ta share ido. "Babu."

"To, haka shuka take. Kowacce tana neman abinci da rana da wurin miƙewa."

"Yanzu lokaci ya wuce?"

"Ya kusa. Sai dai in za ki dage."

Allah ya taimaka, aka yi yayyafi washegari, ƙasa ta yi laushi. Yarinya ta durƙusa a kan kunyoyinta. A kowane rami ta zaɓi masu ƙarfi guda biyu, ta dafe gindinsu da hannu ɗaya, ta cire sauran da ɗayan. Duk wadda ta cire sai ta ji zafi a ranta, amma ba ta tsaya ba. Da ta gama, wurin ya yi fili, har ta ji tsoro.

Baba ya nuna mata takin awaki wanda ya daɗe ya ruɓe. Ta zuba kaɗan-kaɗan a gefen shukar. Ta shimfiɗa busasshiyar ciyawa don kada ƙasa ta bushe. Da ruwa ya ɗauke, sai ta koma rijiya. Kullum in ta dawo daga Islamiyya, tana nan da bokitinta. Ta toshe ramin katanga inda kaji suke shigowa.

A hankali ganye ya dawo kore. Karan ya yi kauri. Ran nan da safe sai aka ji ihunta: "Fure! Iya, fure!"

Ba duka suka yi ba, wasu sun riga sun galabaita. Amma waɗanda suka tashi sun yi 'ya'ya sosai. Ta riƙa tsinka tun suna da taushi. Innarta ta koya mata yankawa, suka shanya a kan tabarma, har ƙwarya ta cika.

Da hannunta ta kai wa Iya ƙwaryar. Iya ta ɗebo, ta shanshana, ta kira Baba.

"Zo ka ga aikin jikata! Ko ni ban taɓa samun irin wannan a ƙarshen damina ba."

Da yamma aka yi miya. Iya ta cinye tuwonta tas, ta nemi ƙari. Yarinya tana gefe tana murmushi, kanta kamar ya taɓa rufin ɗaki. Wannan karon kuwa ta cancanta.

Baba ya tambaye ta, "Me kika koya?"

Ta ce, "Shuka ba yawa take so ba, kulawa take so. Kuma in babba ya ce a rage, a rage tun da wuri."

"Allah ya yi miki albarka," in ji Iya. "Baɗi ma lambun naki ne."